Ciwon Cikin Ranar Komawa Makaranta

Duk shekara idan Satumba ya kama, dogon hutun damina ya ƙare, akwai wani ciwo da yake zagaya gidaje. Yaron da ya ci tuwonsa jiya ya kwana lafiya, da safe ana miƙo masa yunifom sai ya dafe ciki, ko ya ce kansa na sarawa. Uwa ta ce ƙarya yake, uba ya waiwayi bulala. Sau da yawa kuwa gaskiya yaron yake faɗa. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, narkar da abinci ya ragu, ciki ya ɗaure, wani har amai ko gudawa. Babba zai ce gabansa ke faɗuwa. Ɗan shekara shida bai iya wannan maganar ba, cikin da yake ji shi zai nuna.

A fara taɓa jikinsa dai. Satumba lokacin sauro ne, idan da zazzaɓi a je a yi gwajin maleriya. Ciwon fargaba shi alamarsa a fili take: yakan lafa da hantsi idan lokacin makaranta ya wuce, ranar Asabar kuma ba a jin ɗuriyarsa.

To, me yaron yake tsoro? Ɗan aji ɗaya rabuwa da uwarsa ce damuwarsa. Wanda zai shiga JSS 1 a makarantar kwana kuwa ya riga ya sha labarin siniyoyi a bakin yayyensa: ɗiban ruwa da asuba, wankin kayan wani, tsallen kwaɗo, da ƙwace garin kwaki da sugan da aka ƙulla masa daga gida. Wata yarinyar abin da ke cin ranta shi ne a zangon baya an kira sunanta wajen asambuli an kore ta saboda kuɗin makaranta, ƙawayenta suna kallo. Wani maimaita aji zai yi, zai zauna da ƙannen abokansa. Waɗannan duka sai an tambaya ake sani, kuma tambayar ita ce ta fi ba mu wuya.

Yaron Bahaushe bai saba haɗa ido da mahaifinsa ya ce "Baba, tsoro nake ji" ba. Ɗan fari ma uwarsa ko sunansa ba ta kira saboda alkunya, ina maganar zama a yi hira? Amma ai gidajenmu ba sa rasa mai jin ta bakin yaro. Kakar da take kiran jikanta "mai gidana" tana iya zaro maganar da uba zai shekara bai ji ba. Haka goggo, haka kawu. Wanda zai tambaya ya yi ta cikin hira, ana tsintar wake ko ana tafiya kasuwa, ya kuma taimaka masa da kalmar: "Malamin lissafi kake tsoro, ko yaran aji ne?" Yaro idan ya ji an kira abin da ke damunsa da sunansa, kuma ba a yi masa dariya ba, hankalinsa yakan fara kwanciya.

Mu ma muna da namu laifin. Hutu guda muna cewa, "Bari a koma, malam zai yi maganinka," sannan mu yi mamakin yaro yana birgima a ƙofar makaranta. Ko kuma "namiji ba ya kuka," maganar da ba ta rage tsoro, ɓoye shi kawai take koyarwa. Sulalewa a bar yaro a aji bai sani ba ita ma ɓarna ce. A yi masa sallama a taƙaice, a ce za a zo ɗaukarsa bayan azahar, a kuma zo. Ɗan makarantar kwana da aka yi wa alkawarin ranar ziyara tun safe idonsa ke kan get.

Akwai tsoron da ya fi waɗannan nauyi. Tun daga Chibok a watan Afrilun 2014, inda aka sace 'yan mata 276, zuwa Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, yaranmu suna jin komai. Muna hirar a tsakar gida, muna kunna bidiyon a waya, muna zaton wasa suke. Yaron da ya tambaya ko za a zo a ɗauke su, kada a gwasale shi, kada kuma a rantse masa kan abin da ba a da iko a kai. A gaya masa abin da aka sani: an je an duba makarantar, ga katanga, ga masu gadi, ga malamin da zai nema idan ya ji wani abu. A yi addu'a tare da shi. Idan iyaye sun duba su kansu ba su natsu da wurin ba, to aikin yana wuyansu, su sake shawara.

Barci ma yana cikin magani. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, don haka tun saura mako guda a fara karɓe waya da kashe talabijin bayan isha'i. A makon farko kuma, boko da safe, Islamiyya da yamma, a bar masa ɗan lokacin da zai buga ƙwallonsa.

Yawancin yara cikin kwanaki suke warewa. Idan aka yi mako biyu ko uku abin bai sauya ba, ko fitsarin kwance ya dawo wa wanda ya daina, ko ya daina cin abinci, ko aka ga tabo a jikinsa, ko ya riƙa gudun wani mutum takamaimai, a je a zauna da shugaban makaranta, a kuma kai shi wajen likitan yara. Kada a jira ƙarshen zango.