Yadda Hasken Leza Ke Gano Iskar da Ke Ɗumama Duniya

Wayar iPhone 12 Pro da ta fito a 2020 ta zo da LiDAR, na'urar da ke harba hasken leza don auna nisa. Da irin wannan haske ne masana ke farautar iskar metan, wadda ba ta da launi ko wari, amma ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 80 cikin shekara 20.

Kowace iska tana da irin hasken da take zuƙa. Metan tana zuƙar wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango kusan nanomita 1,650. Dangin hasken rimot ɗin talabijin ne, wanda kyamarar wayoyi da yawa ke nuna ƙyallinsa idan aka danna rimot a gabanta. Na'urar kan harba hasken, ya bugi madubi ko bango ya dawo, sai ta lissafa abin da ya ragu. Gwargwadon raguwar, gwargwadon metan da ke wurin. Akwai ta hannu, akwai wadda ake ɗaura wa jirgi maras matuƙi ya bi bututun gas.

A 2021 Najeriya ta shiga alkawarin ƙasashen duniya na rage metan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030, kuma a 2022 hukumar NUPRC ta wajabta wa kamfanonin mai binciken yoyon gas da toshe shi.

Lamarin ya shafi Kebbi ta hanyar shinkafa. Masana'antar WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da ta Labana a Birnin Kebbi suna sayen shinkafar manoman jihar. Idan ruwa ya daɗe kwance a gona, kamar a fadamar Rima, ƙwayoyin halittar da ke cikin laka kan fitar da metan. Barin gona ta ɗan tsane kafin a sake ba ta ruwa yana rage iskar, yana kuma rage kuɗin man injin ban ruwa.

Sai dai masu biyan kuɗi kan rage gurɓatacciyar iska hujja suke nema. Awo ne hujjar, kuma da na'urorin leza masu bincike ke yin sa a gonakin shinkafa a Amurka da Asiya. Matashin Badariya da ya iya tuƙa jirgi maras matuƙi da sarrafa bayanai a kwamfuta ya riga ya kama hanyar wannan sana'a.