Duba Tsohon Gidan Ƙasa Kafin Saye a Cikin Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Gida yana daga cikin abubuwan da Bahaushe kan saya sau ɗaya a rayuwarsa, in ma Allah ya hore masa. A cikin birnin Kano, watau unguwannin da ganuwa ta kewaye, irin su Yakasai da Madabo da Koki da Mandawari da Dala, har yanzu akwai gidajen ƙasa da kakanni suka gina, kuma sukan shigo hannun dillalai, musamman idan an zo rabon gado. Wanda ya yi niyyar sayen irin wannan gida yakan ji shawara iri biyu. Wasu su ce masa ginin ƙasa ya gama zamaninsa, fili kurum zai saya ya rushe. Wasu kuma su ce ai ginin mutanen da ya fi na yanzu ƙarko, ya saya ido rufe. Duka ɓangarorin biyu sun yanke hukunci ba su shiga gidan ba, alhali kuwa gani ya kori ji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake duba irin wannan gida kafin a yi ciniki. Abin da za a tabbatar shi ne, yawan shekaru ba ya kashe ginin ƙasa. Ruwa da sakaci su ke kashe shi. Saboda haka duk mai duba gida, ruwa zai bi sawu, tun daga inda ya sauka a kan soro har inda ya fice daga lungu. Bayan haka sai ya bi sawun mallaka, don gida yana iya zama lafiya ƙalau amma cinikinsa ya kasance ruɓaɓɓe.

2.0 Yadda Aka Yi Ginin

Mutum ba zai gane aibin abu ba sai ya san yadda aka yi shi. A ƙasashe irin su Ingila da Faransa da yawa daga cikin tsofaffin gidajen ƙauye na dutse ne. A Kano kuwa dutse bai cika wuce harsashi ba, inda magina kan jera marmara a wurin da ake tsoron danshi. Sauran ginin duk ƙasa ce. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya ya bushe, sannan a jera shi tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan fara da kauri sosai a ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa.

Rufi kuwa da azara ake yinsa, watau tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, kusan mita 2, shi ya sa idan ana son ɗaki mai faɗi sai a fitar da tauyi daga bango, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗaura baka, kamar bakan gizo da ɗaurin guga. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe. Daga nan sai a kare ginin daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Indararo shi ke tura ruwan rufi nesa da bango.

Shaidar ƙarkon wannan fasaha tana nan a fili. Gidan Rumfa ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), haka ma Gidan Makama. A Zariya akwai sauran bakunan Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Amma ya kamata a lura, waɗannan gine-gine sun daɗe ne saboda ba a daina gyaransu ba. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, kowace shekara mutanen gari kan taru su yaɓe shi. Ke nan tambayar farko ga mai sayar da gida ita ce, yaushe rabon da a hau soron nan a yi gyara?

3.0 Lokacin Dubawa da Wanda Zai Duba

Da rani kowane gidan ƙasa lafiyayye ne a ido. Lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, watau Agusta da Satumba, domin a Agusta ruwa ya fi yawa a Kano. In da hali a je ana ruwa, ko da an ɗauke, a ga inda yake bi da inda yake kwanciya. Tsofaffin mazauna birni ba su manta da daminar 1988 ba, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa masu yawa suka zube a Kano. Yana da amfani a tambayi maƙwabta yadda gidan ya yi a irin waɗannan shekaru.

Dillali ba shi ne zai duba wa mai saye gida ba, domin la'adarsa tana rataye da faɗuwar ciniki. Haka kuma birkilan da bai san komai ba sai bulo da siminti, abin da zai ce bai wuce a rushe ba. Wanda ake bukata shi ne maginin gargajiya da ya gaji aikin ƙasa, irin waɗanda ake dangantawa da Unguwar Gini da gidan Sarkin Gini. Idan ana nufin ɗora bene ko sauya fasalin gidan, sai a haɗa da injiniya.

4.0 Bin Sawun Ruwa

4.1 Kan soro. Daga sama ake farawa. A duba ko daɓen rufi yana da gangare zuwa bakin indararo, ko kuwa ya lotsa a tsakiya ya zama kwatarniya. Ciyawar da ta tsiro a kan soro alama ce ta an daɗe ba a hau ba, kuma saiwarta tana buɗe wa ruwa hanya. A duba rawanin ginin da zankwaye, domin su ruwa ya fara duka. Mafi muhimmanci shi ne indararo: idan ya toshe, ko ya karye, ko ya gajarta, ruwa zai riƙa bin jikin bango, kuma za a ga kwarin da ya haƙa daga sama har ƙasa.

4.2 Cikin ɗaki. A ɗaga kai a dubi azara da fitila. Tabon ruwa, da baƙin da ya bi jikin ice, da garin da yake zubowa, duk abin lura ne. Azara ta fi lalacewa a bakinta, inda ta shige cikin bango, domin can danshi ke zama, saboda haka a soka ƙusa ko tsinin wuƙa a wurin. Mai lafiya tana da tauri ƙwarai, ruɓaɓɓiya kuwa ƙarfe zai nutse a cikinta. A dubi baka ko ya sauka, ko ya tsage a ƙugu. Ɗakin da aka yi wa silin ya kamata a buɗe gefe guda a leƙa, domin silin yakan ɓoye abin da ba a so a gani. Haka nan a nemi hanyar gara a jikin ƙyaure da zana da kusurwoyi.

4.3 Jikin bango. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Wadda ta tsaya a yaɓe, siririya kamar zare, aikin rana da hunturu ce, yaɓe ɗaya ya ishe ta. Abin tsoro ita ce wadda ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje, ko wadda ta raba bango biyu a kusurwa tana faɗi daga sama. Hanya mai sauƙi ta gane ko tsaga tana ci gaba ita ce a liƙe wani wuri a kanta da ɗanyar ƙasa, a dawo bayan makonni. Idan liƙin ya rabu, bangon yana motsi. Bangon da ya yi ciki, ko ya karkata wajen lungu, ba a gyara shi da yaɓe, sai an sauke an sake.

4.4 Yaɓen siminti. Wannan shi ne babban abin da ke ruɗin masu saye a yau. Tun da siminti ya yawaita, makuba da laso suka yi wuya, mutane suka shiga lulluɓe bangon ƙasa da shi, gida ya fito fes kamar na bulo. Amma ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barinsa ya fita, kuma su biyun ba sa kama juna sosai. Da zarar simintin ya tsage ruwa ya shiga, sai ƙasar ta riƙa narkewa a ɓoye, har ranar da ɓawon zai faɗo gaba ɗaya. Mai dubawa ya bi bango yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ji amo kamar na ganga, to bayan wurin rami ne. Masu gyaran tsofaffin gidajen dutse a Ingila sun gamu da irin wannan matsala, shi ya sa suke gargaɗi a kan sa siminti a bangon da aka gina da farar ƙasa. Sabon fenti a tsohon gida gab da sayarwa dalili ne na ƙara bincike.

4.5 Gindin bango da ƙasan gida. A nan yawancin gidaje ke mutuwa. Danshi yana hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri, ya bar fari-fari a gindin bango, ƙasar ta zama gari tana zuba, har bango ya rasa abin tsayawa a kai. A cikin birni lunguna sun yi ta tasowa saboda shara da ciko da daɓen zamani, har ya zama sai an gangara ake shiga waɗansu zauruka. Gidan da ya fi lungu ƙasa, ruwan unguwa zai nemi shiga cikinsa. A bi kwata a ga inda ta fita, a ga ko tana gogar bango. A lura da nisan salga da rijiya. Masana kiwon lafiya kan so ya kai mita 30, abin da ke da wuyar samu a birni, don haka a san da wane ruwa za a yi abinci.

Akwai kuma tarihin filin kansa. Ƙasar da aka gina birni da ita daga cikin birnin aka haƙo ta, wannan ne asalin kududdufai. Matafiya irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851 sun ambaci fadamar Jakara da ruwan da ke kwance a cikin gari. An cike da yawa daga cikin waɗannan ramuka da shara an yi gini a kai, kuma ciko yana daɗewa yana zama. Dattawan unguwa sun san inda kowane kududdufi yake a da, sai a tambaye su.

5.0 Bin Sawun Mallaka

Yawancin tsofaffin gidajen birni gidajen gado ne, wani ma an gaji gadon ba a raba ba har hawa biyu ko uku. Wajibi ne a san dukan magada, maza da mata, na gida da na nesa, a ga yardarsu a rubuce, a tabbata an fitar da tumunin takaba, an kuma bi ta hannun alƙali game da rabon marayu. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shufa'a, watau su biya kuɗin su karɓe, kuma wanda yake nan ya sani yana da kimanin shekara guda kafin haƙƙinsa ya faɗi. A bincika kuma ko gidan yana jingina, ko wakafi ne, ko aro aka ba mazauna cikinsa.

Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, ba a komawa kansa; matsakaici, wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa; da babba, kamar bangon da ake tsoron ya kayar da gida, wanda ake iya mayar da ciniki saboda shi. Amma aibin da mai saye ya gani ya yarda, ba shi da ƙara a kansa, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka ya kyautu a rubuta duk aibin da aka gani cikin takardar ciniki.

Maƙwabta ma suna da nasu haƙƙi. A san bangon da yake na tarayya da wanda yake na gidan, a san ko ruwan wani yana bi ta ciki bisa tsohuwar yarjejeniya. Mai unguwa shi ne shaidar farko a kan iyaka, kuma ba a ƙulla ciniki a bayan idonsa.

Ta fuskar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Ta amince da mallakar waɗanda suka riga suka yi gini a birane kafin zuwanta, amma ta bukaci yardar gwamna wajen sauya hannu. Ya kamata mai saye ya bincika a ma'aikatar ƙasa, ya kuma tambayi hukumar tsara birane ta jiha ko akwai shirin hanya a wurin. Gidan da ya hau kan ganuwa yana da haɗari na musamman, domin ganuwar, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134), kayan tarihi ce da doka ta kare. Rushe-rushen da aka yi a 2023, kamar na shagunan Filin Idi, sun nuna cewa takarda a hannu ba ta hana asara idan filin na jama'a ne.

6.0 Kammalawa

Idan an gama dubawa, sai a zauna da magini a ƙiyasta kuɗin gyara, a haɗa da kuɗin saye, kafin a taya. Yoyon rufi da karyayyen indararo da zubewar yaɓe gyara ne mai sauƙi. Ruɓewar azara ta fi tsada, amma ana musanyawa. Cinyewar gindin bango da zaman ciko da rikicin magada kuwa, su ne ke sa a haƙura da gida komai arharsa. Wanda kuma ya saya, ya sani ya ɗauki alkawarin hawa soro kowace bazara kafin ruwan farko.

Daga ƙarshe, akwai aiki a nan ga ɗaliban Hausa. Kalmomi irin su tauyi da laso da ɗaurin guga suna ɓacewa tare da maginan da suka san su, kuma duk kalmar da ta ɓace, wata dabarar gane lafiyar gida ce ta tafi. Ya kamata a shiga unguwanni a zauna da waɗannan dattawa, a rubuta abin da suka sani tun suna nan.