Ciwon Taurin Fata: Saƙon Da Ya Ƙi Yankewa

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira sikilerodama, watau taurin fata da harshen Girkanci. Ba ɗaukarsa ake yi daga wani ba, kuma ya fi kama mata. A 1945 ne Dokta Robert Goetz na birnin Kef Tawun ya nuna cewa ɓarnarsa ba a fata kaɗai ta tsaya ba, har huhu da ƙoda da maƙogwaro takan kai.

Tushen abin yana cikin garkuwar jiki. Idan mutum ya ji rauni, fararen ƙwayoyin jini sukan hallara a wurin, su aika da saƙo ta hanyar wasu sinadarai zuwa ga ƙwayoyin da ke saƙa zaren nan mai ƙarfi da ake kira kolajin. Da rauni ya warke sai saƙo ya yanke, masaƙan su huta, tabo ya saura.

To, a wannan ciwo saƙon ba ya yankewa. Ƙananan jijiyoyin jini ne kan fara lalacewa, sai ƙwayoyin garkuwa su yi ta fitar da sinadarai biyu, TGF-beta da IL-6, masaƙan kuma su yi ta saƙa ba dare ba rana. Daga bisani su kansu masaƙan sukan fitar da sinadarin da ke tunzura su, har aiki ya ci gaba ko babu mai ba da umurni. Ta haka tabo ke mamaye lafiyayyen nama. Ƙura ma tana da hannu, domin a 1957 Dokta Erasmus ya gano yawan ciwon tsakanin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, waɗanda ke shaƙar ƙurar dutse.

Alamar farko yawanci ita ce yatsu su yi fari ko su yi shuɗi a lokacin sanyi. Sannan su kumbura, fata ta ɗame, baki ya tsuke, ƙwannafi ya yawaita. Ga baƙar fata kuwa akan ga dabbare-dabbare, har wasu su ɗauka kuturta ce.

Sanin wannan saƙo shi ya buɗe ƙofar magani. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da nintedanib domin rage saurin taurin huhu, a 2021 kuma ta amince da tocilizumab, wanda ke toshe wurin da IL-6 ke isar da saƙonsa. Amma fa waɗannan magunguna rage gudun ciwon suke yi, ba sa mayar da huhun da ya riga ya taurare yadda yake a da.

Saboda haka duk wanda yatsunsa ke sauya launi da sanyi, suna kuma kumbura, ya kamata ya nemi gwajin jini da awon numfashi a babban asibiti tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.