Yau Ta Tashi, Gobe Ta Ƙi: Neman Bakin Zaren Baƙar Fuskar Kwamfuta a Damargu

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

MAI GABATARWA: Jama'a masu sauraro, na cikin garin Tanut da na Belbeji, na Gangara, Olelewa da Bakin Birji, da duk inda muryarmu ke kaiwa a ƙasar Damargu. 

Shirin namu na yau na masu kwamfutar tebur ne, musamman wadda mutum ya harhaɗa da hannunsa. Ya sayo kart mer a kasuwar Dole ta Damagaram, ya ba da saƙo aka kawo masa ram da kart girafik daga titin Beirut na Kano, ya samu akwatin wuta na hannu, ya zauna ya ɗaura. Irin waɗannan injuna su ne jarin masu buga takardu, da masu wanke hoto, da masu tura karatu da fina-finai a waya.

Kukan da muka fi ji daga gare su guda ne. Da safe ta tashi lafiya lau, da rana fuska ta yi baƙi ƙirin. Wata rana sai an danna maɓalli sau uku kafin ta amsa. A ɗauke ta a mota, a yi tafiyar kilomita kusan 140 daga Tanut zuwa Damagaram, a gaban mai gyara kuma ta tashi garau, kamar mara lafiyan da zazzaɓi ke saki da zarar ya hango likita. Daga nan sai a ce birus ne, a yi mata formate, a rasa takardun mutane, bayan kwana biyu ciwo ya dawo.

To Malam, kafin ka kashe ko dala, ga tambayar da za ka yi wa kanka: a wane lokaci ne fuskar ke yin baƙi? Amsarta ita ce rabin gyara.

[Ɗan kiɗa]

MAI GABATARWA: Mu fara da wadda aka danna maɓalli ba motsi, ko fanka ta juya kaɗan ta tsaya. Wannan maganar wuta ce, kuma daga bango ake farawa. Cire ta daga ralonj ɗin nan mai baki biyar da aka cika da caja, ka jona ta kai tsaye. Canza wayar wutar da wata. Yawancin wayoyin nan bakinsu ɗaya ne da na ekran, don haka musanya ba ta da wuya.

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu sana'a da yawa suka koma dogaro da gurub da fanno mai aiki da hasken rana. An maido da wutar a 2024, amma injunan sun zauna. Ƙaramin gurub yana rawa da wuta duk lokacin da aka kunna masa firji ko dutsen guga. Inbata mai araha kuma ba ta ba da wuta sumul irin ta layi, kuma akwatunan wuta na zamani da dama ba sa jituwa da ita: su yi ƙara, ko su yanke ba sallama. Saboda haka ka lura, shin matsalar ta fi zuwa a kan gurub, ko a kan batir, ko a kan kuran na gari? Idan a kan guda ɗaya take zuwa, ka wanke kwamfutarka daga zargi, ka nemi ondilar mai kyau.

Akwai tarkon da ke cin masu sayen kayan hannu. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a bayansu mai lamba 115 da 230. Na Amurka kan zo a kan 115, alhali wutarmu bolt 220 ce. Ka jona shi haka, sai ƙara da hayaƙi. A duba shi tun a kasuwa.

Shi kansa akwatin wutar yana tsufa. Aikinsa shi ne ya mai da wutar bango zuwa bolt 12, da 5, da 3.3, kuma ƙa'ida ba ta yarda ya kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. In ya gaji, yakan ƙi tashi da sanyin safiya, ko ya yanke sa'ad da aiki ya yi nauyi. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a aro na maƙwabci mai lafiya a gwada. Amma don Allah kar a buɗe cikinsa. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga bango.

[Ɗan kiɗa]

MAI GABATARWA: Sai ta biyu, wadda ta fi yawa a nan Damargu: fanka na juyi, fitilu na ci, fuska ba ko harafi.

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin ta nuna komai, takan yi wa kanta ƙidaya: furosesa na nan? Ram na nan? Mai zana hoto na nan? In ɗaya bai amsa ba, nan take tsayawa. Tsofaffin kart mer suna faɗin abin da ya ɓace da ƴar ƙara, in an saka musu ƙaramar lasifika. Ƙara ɗaya gajera a yawancinsu tana nufin lafiya, sauran kuwa ma'anarsu ta danganta da kamfani, sai a duba littafin da ya zo da ita. Sababbi suna da ƴan fitilu huɗu a gefe, kowace da sunanta a rubuce. Wadda ta tsaya a kunne, ita ke nuna mai laifi.

Mafi yawan lokuta ram ne, kuma dalili ƙura ce. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana ɗauke da ƙura mai laushi irin ta gari. Fankokin kwamfuta suna zuƙo ta, tana kwanciya a bakin ram inda ƙananan haƙoran zinariya ke haɗuwa da raminsu. Ƙarfe yana buɗewa da zafin rana, yana tsukewa da sanyin dare, sai haɗin ya kama yau, gobe ya saki. Shi ya sa ma girgizar mota a hanyar Damagaram kan gyara ta na ɗan lokaci.

Ga yadda ake yi. Kashe ta, cire waya daga bango, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, domin a busasshiyar iskar hunturu jikin mutum na tara wutar nan da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota, kuma ta isa ta kashe ram. Buɗe maƙallan, zaro shi ta gefe, goge haƙoran a hankali da farin gom na ƴan makaranta, hure ramin, ka mayar har sai ka ji ya ce ƙas ta kowane ɓangare. In guda biyu gare ka, gwada ɗaya-ɗaya, rami bayan rami. A kart mer mai ramuka huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa.

Haka za ka yi wa kart girafik, ka kuma tabbatar wayar wutarsa ta shiga daidai. Duba babbar waya mai baki 24, da mai baki 8 ko 4 da ke kusa da furosesa, wadda sabbin masu haɗawa kan manta. Wayar ekran kuma a jikin kart girafik ake jona ta, ba a kart mer ba. Furosesa na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba sa fitar da hoto da kansu sam.

Kar a raina ƴar batir ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Ita ke riƙe agogo da saitin kart mer. In ka ga kwanan wata na komawa baya da shekaru, ta ƙare, kuma wasu injunan kan yi gardamar tashi saboda ita. Kuɗinta bai kai na kwanon gero ba.

Tun da akwatin kwamfutar na buɗe, haska tocila a kan ƴan gwangwanayen da ke tsaye a kart mer. Kansu ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa ya lalace. Tsakanin 1999 da 2007 an cika duniya da irinsu marasa inganci, kuma ragowar injunan wancan zamani har yau suna yawo a kasuwannin kayan hannu.

[Ɗan kiɗa]

MAI GABATARWA: Ta uku: tambarin kamfani ya fito, Windows ta fara shigowa, sai duhu. A nan ne kaɗai zargin manhaja ke da ƙarfi. Danna maɓallin manyan haruffa na kilabiye. In ƴar fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar na raye, hoton ne ya ɓata. Haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B, ka danna tare, zai sake tayar da direban hoto. In bai yi ba, katse ta sau uku a jere tana cikin tashi, za ta kai ka shafin gyara. Daga can ka shiga yanayin da take tashi da ƙananan direbobi, ka cire direban kart girafik, ka saka wanda ya dace. Masu Windows 11 su sani cewa tun 2025 shafin kuskuren da aka sani shuɗi ya koma baƙi. In akwai rubutu a ƙasansa, a ɗauki hotonsa da waya.

Ta huɗu kuwa tana cikin aiki take ɗaukewa, musamman a bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Furosesa in ya doshi digiri 100 yakan rage gudu, in abin ya ci gaba ya kashe kansa don kar ya ƙone. Alamarsa ita ce fanka ta yi ta gurnani kafin duhun, kuma in ta huce ta tashi. Fitar da ita waje ka hure ƙurar da ta toshe ƙarfen sanyaya, kana riƙe da fanka da yatsa don kar iska ta juya ta fiye da kima. Goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ɗaga akwatin kwamfutar daga ƙasa, ka matsar da shi daga jikin bango. Rufe shi da zane sai bayan an kashe shi.

Wata shaida mai sauƙi: in fuska ta yi baƙi amma sautin fim ko karatu na ci gaba, ka nufi waya, ekran ko kart girafik. Jona ta da talabijin ka gani. In komai ya ɗauke tare, ka nufi zafi ko wuta.

[Kiɗa, a sassauta]

MAI GABATARWA: Jama'a, abin da ke hana a kama irin wannan ciwo shi ne gaggawa. Mutum ya canza ram, ya canza waya, ya yi formate duk a zama ɗaya, ta tashi, bai san wanne ya yi aiki ba, ranar da ta sake kwanciya ya koma farko. Abu ɗaya ake canzawa, a bar ta ta yi aiki kwana biyu ko uku, sannan a taɓa na gaba. A fara da na waje mai araha, a ƙare da na ciki mai tsada. Ajiye ƴar takarda kusa da ita, duk ranar da ta yi baƙi, rubuta lokaci, da irin wutar da take kai, da aikin da kake yi. Wannan takarda za ta rage maka kuɗin mai gyara, ta kuma hana a sayar maka da kart mer alhali batir ce ta mutu.

Yau ɗin nan, tun tana tashi, kwashe takardun mutane da hotunansu ka zuba a kile ko wani faifai na daban, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Damina in ta kama, da an ga hadari ya taso a cire ta daga bango gaba ɗaya, kashewa kawai ba ta kare ta daga tsawa.

A nan za mu dakata.  

[Kiɗan rufewa]