Gwajin Ire-iren Wake a Shekarar Ƙarancin Ruwa

Wake yana cikin amfanin gona da suka fi jure wa fari a ƙasar Hausa, amma ba kowane iri ne yake jurewa ta hanya ɗaya ba. Shi ya sa masu binciken aikin gona suke gwada iri da iri. Sukan raba gona ƙananan filaye, su shuka kowane iri a wuri uku ko huɗu a rana ɗaya, don kada albarkar wani gefen gonar ta sa a yaba wa irin da bai cancanta ba. Da kaka sai a auna ƙwaya, a auna harawa, wato busasshen ganye da jikin wake da ake ba dabbobi.

Ire-iren da ake gwadawa sun kasu gida biyu. Akwai na gargajiya kamar Kanannado, masu yaɗo, waɗanda ba sa fure sai wuni ya fara gajarta a ƙarshen damina. Waɗannan sukan kai wata huɗu ko fiye kafin a tsinke su. Akwai kuma masu saurin nuna, waɗanda cibiyoyin bincike kamar IITA a Kano da INRAN a Nijar suka fitar. Wasunsu a tsaye suke girma, su nuna cikin kwana 60 zuwa 70. A Nijar an san TN5-78, a Nijeriya kuma akwai IT97K-499-35 da ake kira SAMPEA 10, wanda yake jure wa wuta-wuta, ciyawar nan da take tsotse saiwar wake.

To, wanne ya fi? Amsar tana ga lokacin da farin ya zo. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, a farkon Satumba misali, mai saurin nuna ya riga ya zuba 'ya'ya, shi kuwa Kanannado ko fure bai fara ba. A irin wannan shekara manomin Kanannado yakan tashi da harawa kawai. Idan kuwa farin a tsakiyar damina ya faɗo, ruwa ya yi mako biyu ko uku bai sauka ba, lissafin yakan juya. Mai saurin nuna kusan a lokaci ɗaya yake yin furensa, in farin ya same shi a wannan gaɓa sai furen ya kakkaɓe, ba shi da sauran lokacin sake wani. Mai yaɗo kuwa yakan daure, ya riƙe koren ganyensa, da ruwa ya dawo ya ci gaba da girma.

Ma'aunin ma abin dubawa ne. Takardar sakamako takan sa ƙwaya a gaba, kilo nawa a hekta. Amma mai tumaki da awaki harawa yake dubawa, domin ita ce abincin dabbobinsa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da daji ya bushe, farashinta ya hau. Irin da ya zo na ɗaya a ƙwaya yana iya zuwa na ƙarshe a harawa. Wannan ne ya sa aka fitar da ire-ire masu ba da duka biyun, kamar IT89KD-288, wanda manoman rani na wajen Bunkure a Jihar Kano suka karɓa a shekarun 1990. Manoma da yawa kuma ba sa zaɓen ɗaya su bar ɗaya: sukan shuka mai saurin nuna a wani sashe na gonar, mai yaɗo kuma a tsakanin gero.