Cin Zarafi a Jami'o'i: A Tambayi Ɗalibai, a Daina Jiran Mai Kawo Ƙara

Duk uban da ya kai 'yarsa jami'a, in ya tambayi hukumar makaranta ko ana samun masu neman ɗalibai da lalata, amsar da zai ji kusan ɗaya ce a ko'ina. Za a ce masa akwai doka mai tsauri, akwai kwamitin ladabtarwa, kuma bana ƙorafi ɗaya ko biyu kacal aka samu. Jami'in da ya faɗi haka mai yiwuwa bai yi ƙarya ba, abin da ke rubuce a littafinsa ya karanto. Sai dai littafin ƙorafi yana ƙirga waɗanda suka yi ƙarfin halin ƙwanƙwasa ƙofar ofis ne kawai. Waɗanda aka cuta suka haɗiye, suka koma aji washegari kamar babu abin da ya faru, ba su da shafi a cikinsa.

Ƙasar Ostiraliya ta gwada auna tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun. A shekarar 2016 shugabannin jami'o'in ƙasar guda 39 suka nemi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar da ta tambayi ɗalibai kai tsaye, a asirce, ba tare da an nemi sunan kowa ba. Ɗalibai sama da 30,000 suka amsa. Ranar 1 ga Agustan 2017 kwamishinar hukumar, Kate Jenkins, ta fitar da sakamako. Kimanin ɗalibi ɗaya cikin biyar ya ce an tsangwame shi da magana ko wani aiki na batsa a jami'a a cikin shekarar 2016 kaɗai. Mata sun fi maza shan wannan wahala nesa ba kusa ba, amma maza ma sun amsa cewa ta same su. Adadin da ya fi tayar da hankalin shugabannin shi ne na shiru: kashi 94 cikin ɗari na waɗanda aka tsangwama ba su kai ƙara ga jami'a ba, haka ma kashi 87 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka taɓa jikinsu da ƙarfi. Wannan fa a ƙasar da jami'o'i suke da ofisoshin ba da shawara. Da aka tambaye su dalili, da yawa suka ce sun ɗauka abin bai kai a kai ƙara ba, wasu kuma ba su ma san ina ake kai ta ba.

A Amurka ma an yi irinsa. Ƙungiyar manyan jami'o'in bincike na ƙasar ta gudanar da nata a 2015 a jami'o'i 27, ta sake a 2019 a jami'o'i 33, ciki har da Harvard da Yale, inda ɗalibai sama da 180,000 suka amsa. Kusan kashi 26 cikin ɗari na mata masu karatun digiri na farko suka ce tun shigarsu jami'a an taɓa kusantar su ko taɓa jikinsu ba da yardarsu ba, ta hanyar ƙarfi ko a lokacin da ba su cikin hayyacinsu.

Yadda ake tsara tambayoyin shi ne zuciyar aikin. Mai bincike da ya san abin da yake yi ba ya tambayar ɗaliba, "An taɓa yi miki fyaɗe?" Yawancin mutane za su ce a'a, ko da kuwa an yi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mary Koss, ta tabbatar da haka a binciken da ta wallafa a 1987 kan ɗalibai sama da 6,000 a makarantu 32. Cikin matan da abin da suka bayyana ya cika sharaɗin fyaɗe a doka, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka kira shi da wannan suna. Wasu mata kan ga cewa tunda sun san mutumin, ko da ƙafarsu suka je ɗakinsa, ko ba su yi ihu ba, to laifin nasu ne. Shi ya sa ake siffanta aikin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya taɓa riƙe ki ya hana ki fita? Wani ya taɓa nuna miki cewa cin jarrabawarki ya rataya ga amsa gayyatarsa? An taɓa turo miki hoto ko saƙon batsa bayan kin ce a daina? Wane ne, ɗalibi ko malami ko ma'aikaci? A ina? Kin faɗa wa wani? In ba ki faɗa ba, me ya hana ki? Tambayar ƙarshen nan ta fi kowace amfani ga hukumar makaranta, domin ita ce take nuna inda tsarinta ya rube.

Waɗannan alƙaluma na ƙasashen da aka yi binciken ne, kuma kuskure ne a kwaso su a ɗora wa Zariya ko Maiduguri ko Yamai. Su kansu suna da rauninsu. A Ostiraliya kusan ɗalibi ɗaya cikin goma da aka gayyata ne ya amsa, a Amurka kimanin ɗaya cikin biyar. Yana yiwuwa wanda abin ya shafa ya fi saurin amsawa, sai adadi ya hau. Yana kuma yiwuwa wanda ya fi shan azaba ya ƙi ko buɗe fom ɗin don kada ya tuna, sai adadi ya sauka. Sannan abin da ake kira tsangwama ya faro tun daga ƙura ido da barkwancin batsa har zuwa barazana, don haka mai karanta labari ya riƙa duba me aka ƙirga kafin ya yaɗa adadi a WhatsApp. Duk da haka, awo mai ɗan kuskure da aka bayyana yadda aka yi shi ya fi hasashe da jita-jita.

A Najeriya kuwa, ta wace hanya muke sanin halin da ake ciki? Sai asiri ya tonu. A 2018 wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta naɗi muryar malaminta, Farfesa Richard Akindele, yana neman ta da lalata domin ya gyara mata maki. Muryar ta karaɗe intanet, jami'a ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, a watan Disambar wannan shekara babbar kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. A Oktoban 2019 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da bidiyon da 'yar jarida Kiki Mordi da abokan aikinta suka ɗauka da ɓoyayyiyar kyamara a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. A Agustan 2023 ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye suna zanga-zanga kan shugaban tsangayarsu. A Arewa ma, tun farkon 2019 matasa suka fara ba da labaransu a Twitter ƙarƙashin taken ArewaMeToo, kuma kowa ya ga irin zagin da suka sha. Majalisar dattawa ta amince da ƙudirin hukunta malamai masu neman ɗalibai a 2016, ta sake amincewa a Yulin 2020, amma har gwamnatin Muhammadu Buhari ta sauka a 2023 bai zama doka ba.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, sai da wata ta saka karatunta da mutuncinta a haɗari kafin a saurara. Bai kamata sanin gaskiyar abin da ke faruwa a makarantar gwamnati ya dogara ga jarumtar yarinya 'yar shekara goma sha tara ba.

Dalilan shiru a wurinmu sun fi na Turawa nauyi. Yarinyar da ta sha fama kafin a bar ta ta tafi jami'a ta san abin da zai biyo baya in ta buɗe baki a gida. Abu na farko da wasu iyaye za su ce shi ne, "Tattaro kayanki, karatun ya isa." Tana tunanin manemin aurenta, tana tunanin bakin unguwa. A makaranta kuma, kwamitin da zai saurare ta abokan aikin wanda take ƙara ne, tare suke shan shayi, kuma shi ne zai duba takardarta a ƙarshen zango ko ya sa hannu a kundin bincikenta. In ta daure ta yi magana, sai a tare ta da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, a koma binciken irin kayan da ta sa da abin da ya kai ta ofis da yamma. Namiji da aka ci wa zarafi kuwa ba ya ko fara tunanin faɗa. Binciken da hukumar ƙidaya ta Najeriya ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma ƙalilan ne suka samu taimako. Yaran da suka taso da wannan shirun su ne suke cika azuzuwan jami'a.

Saboda haka binciken da zai yi amfani a nan dole ya yi tambaya da yanayinmu. Fom ɗin Amurka ya cika da zancen giya da shagalin dare. Namu yana buƙatar tambaya kan maki da maimaita kwas, kan neman gurbin karatu da gurbin ɗakin kwana, kan malamin da ke duba kundin digiri, kan wuraren koyon aiki da koyarwar gwaji, kan gidajen haya na bayan makaranta da hanyar da ba ta da fitila, kan saurayin da ke barazanar sakin hotuna. Ya kamata a tambayi ma'aikata su ma: ƙananan malamai mata, sakatarori, masu shara da masu sayar da abinci, waɗanda ba wanda yake tuna su in ana wannan magana. Kada kuma a ɗauka malami ne kaɗai abin zargi. A Ostiraliya, ɗalibai 'yan'uwansu ne aka fi ambata a matsayin masu laifi.

Ɗalibi ko ɗalibar da irin wannan fom ya zo wa, akwai abubuwan dubawa kafin a taɓa shi. A shafin farko ya kamata a ga wanda yake gudanar da binciken, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, da bayanin wanda zai ga amsoshi. Binciken kirki ba ya neman suna ko lambar rajista ko lambar waya, ba a tilasta wa kowa, kuma ana iya tsallake tambaya ko a tsaya a tsakiya. In malamin da ke koyar da ku ne ya raba takarda a aji ya ce a mayar masa da ita hannu da hannu, wannan ba sirri ba ne, kuna da damar ƙin cikawa. A kula da wani tarko da mutane ba su cika lura da shi ba: in mata uku ne kawai a ajinku, aka tambayi sashe da aji da jinsi da jiha, to an gane ki ko ba ki rubuta suna ba. Masu bincike na ƙwarai suna haɗe irin waɗannan ƙananan rukunoni kafin su fitar da sakamako, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanai nauyin tsare su. Mahaɗin da ya faɗo a zauren WhatsApp ba a san mai shi ba, yana neman labari dalla-dalla ko hoto, a guje shi. In kuwa binciken sahihi ne, a amsa da gaskiya, har wanda babu abin da ya same shi, domin "a'a" ɗinsa ce take hana adadi kumbura.

Cika fom ba kai ƙara ba ne. Tunda babu suna, babu wanda zai biyo ki da taimako, kuma babu wanda za a hukunta da shi. Wadda aka yi wa fyaɗe ta garzaya asibiti, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyoyin da aka keɓe don wannan, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna da Mirabel a Legas. Wadda malami yake matsa wa kuma, kada ta goge saƙonni, ta rubuta rana da wuri, ta sanar da wani babba da ta amince da shi. ICPC tana ɗaukar neman lalata don maki a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba.

Wasu malamai suna ganin irin wannan bincike hanya ce ta shafa wa kowa kashin kaji. A ganina, malamin kirki ne ya fi kowa cin ribarsa, domin yau zargi ya lulluɓe kowa, alƙaluma kuwa suna nuna sashe da wuri da girman matsala. Wasu shugabanni kuma suna tsoron zubar da sunan makaranta. Jami'o'in Ostiraliya sun wallafa sakamakonsu ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta rushe. Sun sake aunawa a 2021, ɗalibai sama da 43,000 suka amsa, aka ga har lokacin ɗaya cikin shida yana cewa an tsangwame shi tun shigarsa jami'a. Wato bincike kaɗai bai gyara komai ba, amma ya hana kowa cewa bai sani ba, kuma a 2025 gwamnatin ƙasar ta buɗe ofishi mai zaman kansa na karɓar koken ɗalibai a wajen jami'o'i.

Iyaye, duk ranar da aka fitar da irin wannan sakamako a jami'ar da 'ya'yanku suke, kada ya zama hujjar cire su daga makaranta, domin tsoron hakan ne ya rufe musu baki tun farko. Ku faɗa wa 'yarku tun kafin ta tafi cewa in wani ya matsa mata, ku za ta fara kira, kuma karatunta ba zai tsaya ba. In kun je taron yaye ɗalibai ko na tsofaffin ɗalibai, ku tambayi shugaban jami'a yaushe rabon da a tambayi ɗalibai a asirce, me aka samu, kuma me aka yi a kai.