Titin Gwamnati, Ribar Mai Fili

Layin dogo ne ya haifi Sabon Garin Zariya. Samaru kuwa ta bunƙasa bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962: gonaki suka koma gidajen hayar ɗalibai, farashin fili ya yi tashin gwauron zabi.

Kuɗin jama'a ne suka ɗaga darajar nan, mai fili yana zaune.

A Bogota ta Kolombiya, masu gidajen da sabon titi zai amfana kan biya wani kaso na kuɗin aikin. Jihar Kaduna ma tana da hukumar KADGIS mai rajistar filaye. Da rajistar za a iya tantance masu cin riba, a karɓi kasonsu, a gina magudanun ruwa da titunan Samaru.